Birkin Motar Hamma

Kukan ya fara ne ranar wata Talata da hantsi, daidai kwanar shiga Limawa. Mika'ilu ya ɗora ƙafa a kan birki, sai ya ji wata siririyar tsuwwa daga bayan motar, kamar ɓera ya faɗa tarko. Ya ɗaga ƙafa, ta yi shiru. Ya sake takawa, ta sake.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙa wansa, Alhaji Nata'ala, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, yake kuma kiransa Hamma. A gida ɗaya suke. Alhaji na da sashen gaba mai rufin kwano, shi kuma Mika'ilu da matarsa Azumi suna ɗaki biyu can baya kusa da rijiya. Farar Fijon nan kuwa, wadda Alhaji ya sayo shekarar da aka yi canjin hannu a tituna, Mika'ilu ya san numfashinta fiye da yadda ya san nasa.

Bai shiga gida ba. Ya juya kan motar zuwa Demsawo, garejin Zadok bakanike, wanda ke ƙarƙashin wata bishiyar maina a bakin titi. Zadok ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya kwance taya, ya kira shi.

"Zo ka gani da idonka, Malam Mika. Wannan motan ba irin na dā ba ne. Ka ga wannan faifan ƙarfe? Shi yake juyawa da taya. In ka taka birki, fata biyu ne suke matse shi, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. To duba fatan."

Mika'ilu ya durƙusa. Abin da ya rage a jikin ƙarfen bai fi kaurin ɓawon albasa ba.

"Ina da sabo guda huɗu, daga Jos na kawo," in ji Zadok. "In cire fil, in zare tsoho, in mayar da fistin da ke tura fata ciki, in sa sabo. Ka kawo shi da safe, kafin azahar ka ɗauka. Amma kar ka wuce sati ɗaya, ina roƙon ka. Ƙarfe zai fara cin ƙarfe."

Da la'asar Mika'ilu ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya jira baƙin Alhaji suka watse, sannan ya tsuguna gefen tabarma.

"Hamma, birkin baya ya cinye. Zadok ya ce aikin safiya ɗaya ne."

Alhaji bai ɗago daga rediyon da yake murɗawa ba. "A ina zai yi aikin?"

"A garejinsa."

"A bakin titi! A ɗora motata kan duwatsu, ba taya, kamar mushen jaki, duk wanda zai tafi kasuwa ya tsaya ya kalla? Kai Mika, ba ka da tunani ne? Yanzu haka sunana yana teburin manya a Maiduguri, ana duba wanda za a bai wa aikin kai hatsi makarantun kwana. Alhaji Hamajoɗa da muke takara ya wuce ya ga motata tsirara, kafin magariba gari ya ɗauka cewa Nata'ala ya karye."

"To ko Zadok ya zo nan gida..."

"A ƙofar gidana? Wannan ai ya fi muni. Bari sai bayan Juma'a."

Juma'a ta zo ta wuce. Aka ce sai an gama sunan ɗan abokin Alhaji a Yola. Aka yi suna, aka ce wani babban ma'aikaci zai sauka daga Maiduguri, dole a tarye shi a filin jirgin sama. Da babban ma'aikacin ya koma, Mika'ilu ya sake tsugunawa a zaure, sai Alhaji ya yi dariya ya dubi mutanen da ke zaune.

"Kun ga ƙanen nan nawa? Tun yana yaro ko kaza ta yi fiffike sai ya ruga bayan Dada, mahaifiyarmu. Mota ƙafa huɗu gare ta, Mika. In na baya sun gaji, na gaba me suke yi?"

Mutane suka yi dariya, don Alhaji ne ya yi maganar. Mika'ilu ma ya yi murmushi, don haka ƙane ke yi.

A sati na uku tsuwwar ta koma gurnani. In ya taka birki sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa a dutsen niƙa, motar duka tana kakkarwa har cikin haƙoransa. Ya daina wuce giya ta biyu a cikin gari. Tun daga nesa yake fara rage gudu, idonsa a kan kowane yaro, kowace akuya, kowane mai keke. Direbobin tasha suka sa masa suna Hawainiya. Bai damu ba. Abin da ya dame shi shi ne kullum da safe 'ya'yan Alhaji uku suna shiga bayan motar da jakunkunansu, suna cewa, "Bappa, ina kwana," shi kuma ya amsa, yana jin kamar shi ne zai kai su inda ba a dawowa.

Dā can Azumi tana gane dawowar mijinta da hon biyu gajeru da yake yi mata daga bakin lungu, nata ne ita kaɗai, ba wanda ya san ma'anarsu a gidan. Duk abin da take yi sai ta bari ta gyara ɗankwali. Yanzu kuwa gurnanin ƙarfe ne ke riga shi isowa. Ya shigo ya zauna bakin gado, ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa da kifin tafkin Njuwa da yake so, ya yi loma biyu ya wanke hannu.

"Malam, ka rame," ta ce masa wata rana da yamma, tana shafa masa man kaɗanya a ƙafar dama. Ƙafar tana rawa a hannunta kamar ta mai zazzaɓi. "Dubi yadda take ɓari. Ko a zaune kake sai ka riƙa taka ƙasa."

"Ni ban ma sani ba."

"Ka ajiye masa makullinsa mana. Wallahi ko ɗinkin hula zan yi mu ci. Ni kai nake so, ba mota ba."

Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. "In ajiye in je ina, Azumi? Gidan ubana ne. Kuma in na ajiye, wani zai ba wa, wanda bai san halinta ba, ya ɗebi yaran nan."

Abin da yake tsoro ya kusa faruwa ranar wata Alhamis, a hanyar Yola. Ya ɗauko yaran daga makaranta. Daidai inda matan Njuwa ke hawowa titi da tallan alayyafo da kifi, wata mata mai goyo ta tsallaka da tire a ka. Ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka ruɓaɓɓen gwanda. Ya yi salati da ƙarfi, ya fizgi sitiyari, motar ta bar titi ta faɗa gefen gonar shinkafa ta tsaya a cikin taɓo. Matar ta tsira, tirenta kawai ya kife. Na'inna, 'yar autar Alhaji, ta bugi kujera leɓenta ya fashe.

Da masunta suka taya shi turo motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya ga man birki yana ɗiga a jikin tayar baya. Fatar ta ƙare ƙurmus, har fistin ya fito ya wuce iyakarsa.

Ya yi zaton jinin Na'inna zai yi maganar da bakinsa ya kasa. Ina! A tsakar gida, gaban mata da yara, Alhaji ya nuna shi da yatsa.

"Ka zubar wa 'yata jini! Tsoro ya hana ka ganin hanya, sannan ka ɗora wa mota laifi."

"Hamma, man birki ne ya tsiyaye. Don Allah, don darajar iyayenmu, a kai ta wurin Zadok."

"Za a gyara, amma ba a bainar jama'a ba."

Ya aika aka kira Jalo, mai facin taya a bakin kasuwa. Aka tura motar cikin lungun bayan gida inda ba mai wucewa. Jalo ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashi, ya lalubo siririn bututun da ke kai man birki zuwa ƙafafun baya, ya tara masa dutse, ya sa guduma ya daddake shi har ya zama kamar tsinken tsire da aka taka. Ya cika mai, ya kakkaɓe hannu.

"Shi ke nan, Alhaji. Mai ba zai ƙara zuwa baya ba, balle ya zube. Haka muke yi wa manyan motoci a daji."

Alhaji ya sa Mika'ilu ya ja ta zuwa bakin lungu ya taka birki. Motar ta dunguri gaba ta tsaya. Babu tsuwwa, babu gurnani. Shiru.

"Ka ji ko?" in ji Alhaji, fuskarsa cike da fara'a. "Ta warke. Aikin minti goma kake so ka tona mini asiri a kansa."

Washegari da ya dawo daga kai yara, Azumi ta tarye shi a bakin rijiya tana murna. "Malam, yau ban ji ƙarar ba! An gyara?"

Ya so ƙwarai ya bar ta da farin cikinta ko na yini ɗaya ne.

"Ba a gyara ba," ya ce a hankali. "Dā tana kuka ne don tana da sauran rai. Yanzu an shaƙe ta."

Gugan da ke hannunta ya suɓuce ya koma rijiya.

Ita ce ta matsa masa ya je wurin mahaifiyarsu. Dada tana zaune a inuwar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga kai ba.

"Mika'ilu, babban wa uba ne. Bin na gaba bin Allah. Kana so a ce 'ya'yana biyu sun raba gari a kan ƙarfe? Ka yi haƙuri, shi ma yana da abin da ya dame shi." Ta kwance bakin zanenta ta ciro wata ƙaramar laya. "Ungo, ɗaura a sitiyari. Allah ne ke tsarewa, ba birki ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Me zai ce? Allah ne ke tsarewa, gaskiya ne, amma ai shi ne kuma ya ba mutum ido da hankali.

Ya saci jiki ya biya Demsawo. Zadok ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai.

"Wanda ya yi wannan ya kashe mutum, sunan mutumin ne kawai bai sani ba tukuna. Malam Mika, birkin hannu ma a baya yake kamawa, ka sani ko? Shi ma babu. In ƙasa ya jiƙe, tayan gaba zai kulle, motan zai tafi inda ya ga dama. Bar shi a nan. Yanzu sai na sa sabon bututu, aikin yini guda ne. Oga ya zo ya zage ni, ba komai."

"Ƙarfe huɗu zan kai shi gaisuwa."

"To ka ce ba za ka je ba!"

"Ba a ce wa Hamma a'a."

Zadok ya girgiza kai. "Fatan nan huɗu suna cikin akwati na. Ba zan ba kowa ba. Ina jiran ka."

Damina ta kankama. Binuwai ya cika ya batse, ya yi ja kamar kunun kanwa. A cikin watan Agusta aka aiko cewa wani kawunsu ya rasu a Girei, can tsallaken kogi. Alhaji ya ce a shirya mota: shi, da Dada, da Na'inna da ta maƙale wa kakarta.

Tun da Mika'ilu ya ji an ambaci Girei ya fara tunanin hanyar. Ba a zuwa can sai an hau jirgin fito, kuma kafin mota ta hau jirgin sai ta sauka wani dogon gangare na jar ƙasa har bakin ruwa. An kwana ana ruwa. Azumi ta raka shi har ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe gefen rigarsa.

"Ka ce ba ka da lafiya. Ai ba ƙarya ka yi ba."

"Gaisuwar mutuwa ce, Azumi. Dada na ciki."

Ya zare rigarsa a hankali ya fita.

A mafitar, al'ada ce fasinja su sauka a saman gangare su taka da ƙafa, direba ya gangara da mota shi kaɗai. Amma wannan al'adar talakawa ce. Tun da Alhaji Nata'ala ya mallaki mota bai taɓa sa takalminsa a lakar wurin ba. A zaune yake gangarawa, gilashi a sauke, yana ɗaga wa masu fito hannu. Sau nawa Mika'ilu ya ji shi yana cewa wanda zai taka laka me ya kai shi sayen mota?

Suna isa saman gangaren Alhaji ya ce, "Tsaya nan."

Mika'ilu ya lallaɓa ya tsaya. Alhaji ya buɗe ƙofa, ya tattare farar babbar rigarsa, ya sa ƙafa cikin laka har idon sawu. Ya zagaya ya ɗauko Na'inna ya saɓa a kafaɗa. Ya buɗe wa Dada.

"Fito, Dada, mu ɗan miƙe ƙafa." Sannan, yana duban kogi, ba ƙanensa ba, ya ce, "Kai sauka da ita. Ma same ka a jirgi."

Mika'ilu ya dubi farar rigar da laka ta fara ɓatawa. Ashe ya sani! Duk watannin nan, duk dariyar zaure, duk kiran sa matsoraci, ashe Hamma ya san motar ba ta da birki.

Dada ma ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje, tana duban babban ɗanta, tana duban ƙaramin. Leɓenta ya motsa. "Mika'ilu..." ta ce. Ta fita.

Mai jirgi yana ta ɗaga hannu daga ƙasa, motocin baya suna hon. Mika'ilu ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, ya saki motar.

Rabin farko ta bi shi lafiya. Daga nan gangaren ya ƙara tsayi, nauyinta ya fara tura ta. Ya taɓa birki kaɗan. Tayoyin gaba suka kulle, motar ta fara sulɓi a kan laka kamar sabulu a kan dutse. Ya murɗa sitiyari, ba ta ji ba. Ya fizgi birkin hannu har ƙarshe, ya taho a hannunsa sakaka. A gabansa jirgin cike yake maƙil: mata da ƙoren nono, masu kekuna, yara a gefen iyayensu, kuma bayansu babu komai sai jan ruwa. Ya ga bakunansu a buɗe, bai ji ihun ba.

A hannun dama, dab da bakin ruwa, akwai wani katon turken ƙarfe da ake ɗaure jirgin. Mika'ilu ya ɗaga ƙafarsa daga birki gaba ɗaya don tayoyin su sake su ji sitiyari, ya juya kan motar, ya nufi turken da ita.

An ce har kasuwar Jimeta an ji ƙarar.

Ba wanda ya ƙwarzane a cikin jirgin. Shi kuwa sai da aka sa ƙarafa aka ɓanɓare gaban motar kafin a zaro shi. A asibiti likita ya yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

A kwana na huɗu, Azumi tana ba shi kunu a cokali, ya kama hannunta.

"Ba ƙafar ce ke mini ciwo ba," ya ce. "Ya sauka, Azumi. A saman gangare ya sauka, ya ɗauke 'yarsa."

A zaure kuwa 'yan jaje suna ta shiga suna fita, Alhaji yana amsawa da murya mai rauni. "Ƙaddara ce. Firgita ya yi, ya saki birki, kowa ya gani. Dā ma tun yana yaro haka zuciyarsa take. Amma ɗan'uwa ɗan'uwa ne, zan ci gaba da riƙe shi." Mutane suna cewa Allah ya saka wa Alhaji da alheri.

Motar ta yi sati biyar a garejin Zadok, a bakin titi, a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Duk mai zuwa kasuwa ya gan ta. Alhaji Hamajoɗa ma ya wuce ya gan ta. Ba wanda ya ce Nata'ala ya karye, kuma takardar aikin hatsi ta iso daga Maiduguri motar tana nan a kan duwatsun. Fatar birkin baya kuwa, ranar da Zadok ya zo kanta, ya fara bayan ya karya kumallo, ya gama rana ba ta take tsaka ba.

Da yammacin ranar ya zo Limawa ya yi sallama da Azumi a ƙofar baya, ya miƙa mata wani ƙunshin tsumma.

"Madam, ban san amfanin da zai yi maki ba. Amma ban iya zubar da shi ba."

Ta kwance. Ƙarafa huɗu ne, sun sha gugar da har suna ƙyalli, da guntun bututu da aka daddake da guduma.

Azumi ba ta taɓa taka zauren gidan nan da maza a ciki ba. Ran nan ta yafa mayafi ta shiga, mutum ya fi goma a zaune. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta baje tsumman a kan tabarma gaban Alhaji. Da ta yi magana, kowa ya ji ta.

"Hamma, tambaya ɗaya na zo da ita. Ka ce motar ta warke. To me ya sa ka sauka?"

Alhaji ya dubi ƙarafan, ya dubi bango. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce lokacin salla ya yi, aka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa da ido a ƙasa.

Har yau ba a amsa mata ba. Abin da ya bazu a unguwa shi ne matar Mika'ilu ba ta da kunya, ta shiga zauren maza. Wanda ya daddake bututu yana nan yana facinsa a bakin kasuwa. Wanda ya sa a daddake ana ba shi sahun gaba a masallaci. Dada ta daina cin abinci sosai, kullum ta aiko wa ƙaramin ɗanta fura, amma ba ta iya haɗa ido da shi. Gidan bai rabu ba, kamar yadda ta so. Ƙafa ɗaya kawai aka biya.

An ɗauki sabon direba. Motar tana tsayawa cak a ƙofar gida, ba ko tari. Mika'ilu yana zaune a tabarma bakin rijiya, sanduna biyu a gefensa, Azumi tana kusa da shi tana ɗinkin hula. Duk sanda ya ji ƙugin injin ya doso kwanar Limawa sai ya yi shiru, ya miƙe wuya. Ita kuma sai ta ajiye allura ta ɗora tafin hannunta a kan dungulmin gwiwarsa, don ta san abin da zai biyo baya: zai fara motsi a hankali, yana dannawa ƙasa, yana neman birki.